Lamba Arba'in da Ɗaya

Masu karatu, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi. Wasu har sun aiko suna tsokana, wai ko aure ne ya ɓoye ni. Ba aure ba ne, ko da yake maganarsa na nan a ciki. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina zaman kujerar roba a asibiti kusa da gadon Babana, kuma abin da zan ba ku yau da ƙyar hannuna ya yarda ya rubuta shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da tara, ina koyarwa a jami'a. Bincikena a kan yadda ƙwaƙwalwa ke mai da hankali ne, wato me ya sa ido zai kalli abu ƙuri amma mai idon bai gan shi ba. Umma takan ce, "Shekara tara kina karatun mai da hankali, amma a bar miki tukunya minti biyar sai an jiyo ƙauri." Da can dariya nake yi in ta faɗa. Yanzu na daina.

Ɗakin gwajinmu yana ƙasan bene, babu taga, baƙin labule ne ya zagaye shi. Mutum zai zauna ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan ƙarfe, ga allon kwamfuta a gabansa, ga ƙaramar kyamara tana bin ƙwayar idonsa. Ɗigo zai haska a dama ko a hagu, in ya gani ya danna maɓalli. Minti arba'in an gama. Farfesanmu, wata dattijuwa da ba ta san wasa ba, dokoki uku ta kafa mana. Wanda ya zaunar da mutum ba shi zai karanta sakamakonsa ba, lamba kawai mai karantawa zai gani, sunaye suna cikin ambulan a durowarta a kulle. Ba a kawo ɗan uwa. Ta ukun kuwa ita ta fi nanatawa: in ka ga sakamakon da ya yi kama da ciwo, ka ajiye komai ka kai mata, a buɗe ambulan, a nemo mutumin a tura shi asibiti.

Mai zaunar da mutane shi ne Injiniya. Haka kowa ke kiransa, har Umma. Dogo ne, mai tabarau mai kauri, kullum da ƙaramin sukundireba a aljihun gaban riga kamar wanda aka haifa da shi. Shekara biyu yana ajiye mini kofin shayi a gefen kwamfuta kafin ya iya buɗe baki ya ce yana sona, shi ma ɗin a takarda ya rubuta ya liƙa a jikin kofin. Bara ya je ya gaida Baba, tun daga ranar suka ɗinke. Baba tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, yana da wata tsohuwar rediyo da ta mutu tun ina firamare, su biyun sai su shimfiɗa jarida a falo su barbaza kayan cikinta, su wuni suna gardama a kan wata 'yar waya ja. Duk sanda aka tado maganar aure amsata ɗaya ce: a bari takardata ta fita tukuna.

Wannan takarda ita ce rayuwata a lokacin. Aikin wucin gadi nake, na shekara biyu-biyu, kuma an gaya mini a fili cewa in ba ta fito a babbar mujalla ba, babu kujerar dindindin. Masu tantancewa sun dawo mana da ita, sun ce mu ƙara dattawa sittin, mu maido kafin Juma'a ta ƙarshen wata. Muka liƙa sanarwa, Injiniya ya yi ta zaunar da tsofaffi safe da yamma, ni kuma ina sama ina karanta lambobi. Baba ya so ya zo. "Ni ba dattijo ba ne? Ko idona ne bai kai ba?" Na ce masa doka ta hana. Ya yi fushin wasa, ya ce ya haifi 'yar sanda bai sani ba.

Ranar Laraba da rana, saura kwana biyu, na buɗe lamba arba'in da ɗaya. A dama ya ga ɗigo ashirin da takwas cikin talatin. A hagu shida kacal.

Na ja tsaki na ce, "Wannan tsohon barci ya zo yi mana."

Bari in gaya muku gaskiya, tunda ba ku ganina. Mai gyangyaɗi ɓangare biyun yake kuskurewa, ba ɗaya ba. Ni da bakina nake koyar da 'yan aji uku wannan. Wani abu ya ɗan taɓa ni a rai, na ji shi sarai, amma na lissafa abin da zai biyo baya: Farfesa, ambulan, kwamiti, mako guda cur kafin a bar ni in ci gaba. Juma'a kuwa ba za ta jira ni ba.

Injiniya na tsaye a bayana da kofin shayi. Na ce, "Kyamararka ce ta zame."

"Kyamarata ba ta zame ba, Dakta. Na duba ta kafin ya zauna, na duba bayan ya tashi."

"To barci ne."

Ya ajiye kofin a hankali. "Ki sake duba wannan ɗin, don Allah."

"Sauran goma sha tara na jirana."

"Na sani. Amma wannan ɗin, ki sake dubawa."

Na juyo da kujerata gaba ɗaya na ce, "Wai kai ne Daktan ko ni?" Haka na faɗa, da wannan bakin nawa da ba ya shawara da ni. Ya tura tabaransa sama, ya fita. Na rubuta "matsalar na'ura" a gefen lambar, na cire ta daga lissafi. Ko minti uku abin bai ɗauke ni ba.

Takarda ta tafi, bayan wata biyar aka karɓa. Aka ba ni kujera, aka manna sunana a ƙofar ofis. Baba ya sa aka buga masa shafin farko ya saka a firam, ya rataye a falo sama da talabijin, duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani. A cikin waɗannan watannin ne motarsa ta fara karcewa a ƙofar gida, kullum gefen hagu. Umma ta ce tsufa ne da taurin kai. Ta ce ya fara rage abinci, ya ci rabin faranti ya ce ya cinye. A kunnena ta faɗa, ina tsaye ina neman makullin ofis a jaka, na ce mata a canza masa tabarau. Ni da nake ci a gaban kwamfuta, yaushe rabon da in zauna a teburi ɗaya da shi har in ga wane rabin yake bari?

Ran nan da safe ya fito daga banɗaki ya aske gemunsa na dama tas, na hagu yana nan da kumfar sabulu. Yaya, babban wanmu, ya fara dariya, dariyar ba ta ƙarasa ba Baba ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ƙari ne, a ɓangaren dama, daidai wurin da na yi shekara tara ina zana wa ɗalibai a allo. Shi ya sa duk abin da ke hagunsa ya zama kamar babu shi, alhali idonsa lafiya lau.

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Umma da Yaya. Ya ce, "Ya daɗe yana girma. Da an gan shi wata shida ko bakwai baya, da aiki mai sauƙi muke magana. Yanzu ya kama jijiyoyin da ba ma son taɓawa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ba zan yi muku alkawari ba." Aka sa aikin nan da mako biyu.

Muna fitowa Umma ta riƙe hannuna a baranda. Mayafinta ya zame ba ta ma gyara ba, ita da ba ta fita ko ƙofar gida sai ta tsaya gaban madubi.

"Auta, ki saurare ni. Babanki abu ɗaya ya roƙe ni jiya. Yana so a ɗaura aurenki kafin a shiga da shi."

"Umma, yanzu? A wannan halin?"

"To sai yaushe? Kin ce takarda, takarda ta fita. Kin ce kujera, an ba ki. Me kuma ya rage?"

Yaya ya ce, "Ba taro za a yi ba. Mu da su kawai, Asabar mai zuwa. Yaron nan ya yi haƙuri da ke, wallahi da ni ne da tuni na kama gabana."

Na ce to. Kuma da zuciya ɗaya na faɗa, don ina son Injiniya, ban taɓa gaya muku a fili ba amma ina sonsa. Kullum da la'asar yana zuwa ya yanke wa Baba farce, ya juya masa faranti in ya cinye rabin dama, ba tare da ya nuna ya juya ba.

Sai ranar Talata da hantsi. Wata likita ta shigo da takarda mai gajerun layuka barbaje, ta ba Baba biro ta ce ya soke duk layin da ya gani. Ya soke na dama kaf, da kyau, irin na malamin da ya saba gyaran jarrabawa. Ya ajiye biro ya ce ya gama. Rabin takardar na nan ko taɓawa bai yi ba. Ina tsaye a ƙarshen gado ina haɗiye kuka, sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai wasan yara ne. Na ɗakinku ya fi wuya, Auta, mai ɗigo-ɗigon nan. Ga ƙarfen haɓa mai sanyin tsiya."

Na ce, "Baba, ya aka yi ka san ƙarfen da sanyi?"

Ya rufe baki da hannu kamar yaron da aka kama da sukari. "Af! Na tona kaina. Ranar da kike aji na je. Na ce wa ɗana Injiniya in ya gaya miki na fasa ba shi ke. So nake in shiga cikin takardar 'yata ko da lamba ce." Ya kalli likitar yana alfahari. "Ina ciki fa. Kuma Injiniya ya ce na ci."

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na tsinci kaina a matattakalar bene, waya a hannuna.

Na rubuta wa Injiniya: "Wace lamba ka ba Baba?"

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Kina ina?"

"Wace lamba?"

"Dakta, bari in zo."

"Kar ka zo. Lambar kawai."

Minti huɗu ina kallon allon kafin amsar ta shigo. "41."

Duk da haka ya zo. Ya same ni a wurin ajiye motoci na asibitin, ƙarƙashin rumfar kwano, rana na dukan ta har zafin na saukowa a ka. Rigar aikinsa ce a jikinsa, shuɗiya, da alama ko kulle ɗakin gwajin bai tsaya yi ba.

Na ce, "Ka sani. Kana tsaye a bayana kana kallo, ka san babana ne."

"Na san shi ne. Ban san ciwo ba ne, na rantse da Allah. Ni waya da kyamara na sani, ba ƙwaƙwalwa ba. Na ɗauka faɗuwa ya yi, irin ta tsufa. Na ce in na gaya miki za ki ji kunya, shi ma ya ji, ga alkawarin da ya ɗora mini."

"Kalma ɗaya! Da ka ce mini Baba ne, da na kai shi asibiti a ranar."

"Na sani. Kullum da shi nake kwana, da shi nake tashi." Ya cire tabaransa ya goge ido da bayan hannu. Sannan a hankali, ba da faɗa ba, ya ce, "Amma Dakta, da baban wani ne fa?"

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Dokar nan ta uku ba don babana aka kafa ta ba, don baban kowa ne, kuma ba Injiniya aka ɗora wa ita ba. Ni aka ɗora wa.

Ya ce, "Ki yafe mini, bai kamata in faɗa yanzu ba. Ki ji, kar ki gaya wa kowa kafin aikin. In ya zama dole a faɗa, ni zan ce kyamarata ce ta lalace. Ai haka kika rubuta."

"Ka ɗauki laifina ka shiga da shi gidan aure?"

"Zan iya."

"Ni ce ba zan iya ba. Kullum in ka miƙo mini shayi me zan gani a fuskarka?"

"To ki fasa da ni in kina so, zan jure. Amma kar ki ɗora wa Baba wannan saura kwana tara a shiga da shi. Yana ji da takardar nan fiye da yadda yake ji da motarsa."

Wayata ta yi ƙara. Umma ce ta turo hoton yadi guda biyu shimfiɗe a kan gadonta, ɗaya ruwan toka mai ƙananan furanni, ɗaya fari sol. A ƙasa ta rubuta, "Wanne? Tela na jira." Kafin in motsa wani saƙon ya shigo: "Babanki ya ce farin." Na nuna wa Injiniya, ya karanta, ya miƙo mini wayar. Na bar shi tsaye a nan.

Na daɗe a ofishina ranar, ƙofa a kulle, ina kallon layin nan guda da na rubuta, "matsalar na'ura". Farfesa za ta ji, wannan na riga na yanke, ko da kujerar ce za ta tafi. Kujerar ba ta dame ni ba. Abin da ke cina shi ne mutumin da ya shiga mota ya tafi har ƙasan bene don ya zama lamba a aikin 'yarsa, zai shiga ɗakin tiyata yana ɗauka yana ciki. In bai fito ba, da wannan ƙaryar zai tafi, ni kuma in zauna da ita.

Da la'asar na koma asibiti. Yaya ya ce Umma ta sauka karɓo magani, shi ma zai je ya dawo. Baba na kishingiɗe, an ɗaga masa kan gado, fuskarsa ta karkata dama kamar yadda take yi yanzu, wajen ƙofa. Kujerar da kowa ke zama tana nan a damansa. Na kalle ta, na wuce ta, na zagaya ta bayan gadon na tsuguna a hagunsa, tsakanin gado da bango.

Ku kira ni matsoraciya, ba zan musa ba. Babu wanda ya fi ni sanin abin da nake yi a duk asibitin nan. Na zaɓi wurin da ba zai juyo ya gan ni ba, don in samu in ce na faɗa.

Na kama hannunsa na hagu, bai san an kama ba. Na ce, "Baba, ni ce. Ba ka cikin takardar. Na ga sakamakonka wata bakwai da suka wuce, na ga ba ka ganin hagu. Na san abin da hakan ke iya nufi. Doka ta ce in kai wa Farfesa a nemo ka, ni kuma ina sauri, sai na cire ka na ce na'ura ce. Ban san kai ba ne, amma na san mutum ne. Da na yi aikina da tuni an yi maka aikin, mai sauƙin. Ka yafe mini, Baba."

Hawaye na zuba a kan zanen gadon har ya jiƙe. Bai motsa ba, na ɗauka bai ji ba, kuma Allah ya gani wani sashe na zuciyata ya yi murna. Sai ya ƙara juya kansa can dama, yana leƙen kujerar da babu kowa a kai.

"Auta? Ina jin muryarki amma ban gan ki ba. Kuka kike yi? Me kika cire?" Ya miƙa hannun damansa yana laluben iska. "Zo nan inda zan gan ki, ki faɗa mini ina kallonki."

Na miƙe. Na dafa ƙarfen gadon na fara zagayowa, ina goge fuska da gefen mayafi. Sai da na kai ƙarshen gadon na ɗaga ido.

Umma ce tsaye a bakin ƙofa, ledar magani a hannunta, ƙofar a buɗe a bayanta. Ba ta shigo ba, ba ta kalli Baba ba. Ni take kallo, kuma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Wata nawa kika ce?"